Yadda ɗigon ruwa ke bambanta ma'adinai

Masana kan ɗiga ruwa a kan gogaggen dutse, su auna kusurwar da gefen ɗigon ya yi da shi. Idan ruwan ya baje, dutsen na jiƙuwa. Idan ya dunƙule kamar a ganyen gwaza, ba ya jiƙuwa. Thomas Young na Ingila ne ya bayyana ƙa'idar a 1805.

Wannan awo ne ginshiƙin tace ma'adinai a masana'antu: a niƙa dutse cikin ruwa, a zuba sinadari, a hura iska. Ƙwayoyin dalma ko tagulla sai su maƙale wa kumfa su taso, yashi ya nutse.

Niƙa cikin ruwa yana kuma hana ƙura tashi. A 2010, ƙurar busasshen dutsen zinari mai dalma ta hallaka yara kimanin 400 a Zamfara.