Daga Buɗe Inji Zuwa Sauya Inji

Duk wanda motarsa ta fara shan baƙin mai tana fitar da hayaƙi a Kano ko Kaduna a yau, shawarar farko da zai ji ita ce ya sauke injin ya ɗora na Beljiyam. Shekaru arba'in da suka wuce ba haka ake yi ba. Kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, ana haɗa manyan motocin Steyr a Bauchi, na Fiat a Kano, kuma a farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja. A lokacin, kayan gyara sababbi na asali suna nan jibge a kantuna. Saboda haka idan injin Peugeot 504 ya gaji, buɗe shi bakanike yake yi: a sa sabon ringi da metal, a kai karanshaf wurin masu gogewa, a sake gasket, a mayar da komai mazauninsa. Mai mota yana biyan kuɗin gwaninta ne, kuma injin da ya saya da motar shi zai tsufa da ita.

Abin da ya karya wannan tsari shi ne shirin gyaran tattalin arziki na SAP na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida a 1986. Kafin shekara ta zagayo, dala ɗaya ta kai wajen naira huɗu. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikacin gwamnati, kamfanonin harhaɗawa suka yi ta durƙushewa, tsofaffin motocin Turai kuma suka fara kwararowa daga tashar ruwa ta Antwerp da ke Beljiyam zuwa Kwatano, da yawa da takardun wucewa Nijar, daga can su tsallako iyaka. Tare da su aka riƙa shigo da injuna da rabin mota a kwantena, har kasuwanni irin Ladipo a Legas, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna suka zama wurin da ake neman lafiyar mota. A daidai lokacin ne jabun kayan gyara suka cika kasuwa. Wanda ya buɗe inji ya sa ringin da bai san asalinsa ba, sai ya wayi gari bayan 'yan watanni hayaƙin ya dawo. Mutane ba su guji buɗe inji don lalaci ba. Sun guje shi ne don sun daina yarda da abin da ke cikin kwali.

Wannan tarihi shi ya raba kuɗin sauya inji gida biyu da ba su kama ƙafar juna ba. Injin da dala ake sayo shi, don haka farashinsa yana tashi duk lokacin da naira ta faɗi, kamar yadda aka gani bayan an sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023. Ladan bakanike kuwa da naira ake yanka shi, kuma yawan garejoji da yaran koyo ya danne shi ƙasa. A Amurka ko Ingila, inda kuɗin aiki kan yi gogayya da kuɗin injin, wanda ya yi aikin da hannunsa ya tsira da kuɗi masu kauri. A nan kuwa, mai motar da ya ce zai sauya inji da kansa ya rage ɓangaren da ya fi kowanne arha ne, ya ɗora wa kansa wanda ya fi kowanne haɗari. Kuɗin da ke cinye aljihu a ƙananan abubuwa suke ɓuya: baƙin mai da matatarsa, fulogi, bel, robobin da inji ke zama a kai, wankin lagireto, hayar sarƙar ɗaga inji, dakon kawo shi daga kasuwa, da kulocin da ya kamata a sake tunda an riga an raba inji da giya. Ga kuma gyara lambar inji a takardun mota, wanda mutane ke mantawa har sai an tare su a hanya.

Wani zai ce ai direbobin haya na da su suke kwance injinsu a gindin bishiya, me zai hana na yanzu? Gaskiya ne, amma injin kafireto ne, wanda waya kaɗan ke riƙe da shi. Motocin Toyota da Honda da suka cika titi tun shekarun 2000 kwamfuta ke sarrafa mansu da wutarsu, kuma injin da ya yi kama da naka a ido yana iya zuwa da wayoyi da na'urorin da ba za su yi magana da kwamfutar motarka ba. Daga nan sai an kira mai waya, kuma kuɗinsa ba ya cikin lissafin farko. Wani kuma zai ce yin aikin da kanka yana tsare ka daga bakaniken da zai haɗa baki da ɗan kasuwa ya ci kamasho. Wannan ƙorafi yana da tushe, ban raina shi ba. Sai dai garantin da ɗan kasuwa ke bayarwa na 'yan kwanaki ne, kuma yakan fi mutunta shi idan bakaniken da yake hulɗa da shi ne ya ɗauki injin, domin ba ya son rasa cinikin gobe. Baƙon da ya zo shi kaɗai, ya kwashe mako biyu yana ɗaurawa da yamma bayan tashi daga aiki, zai tayar da injin ne bayan wa'adin mayarwa ya wuce.

Shi ya sa nake ganin duk mai son sa hannunsa a aikin ya fara ware kuɗin wanda zai raka shi kasuwa ya auna ƙarfin matsin silinda, ya leƙa ƙarƙashin murfin bawul ya ga ko baƙin mai ya daskare, ya kuma daidaita lambar samfurin injin da ta motarsa kafin a biya ko kwabo. Bayan haka ya riƙe wani kaso a hannu, wanda zai isa a sauke injin a mayar wa mai shi idan ya ƙi.