Malamin da Ya Mayar da Tsauni Aji: Tarihin Willi Unsoeld

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, musamman saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau Amurka za mu leƙa, mu duba rayuwar wani malamin jami'a mai suna Willi Unsoeld. Fannin da ya koyar ba mu cika jin labarinsa ba: koyar da jagoranci a daji da kan tsauni. Wato malami ya kwashi ɗalibansa ya fita da su daga aji, su yi kwanaki suna tafiya, su dafa abincinsu da kansu, su nemi hanya, su yanke shawara a inda kuskure ɗaya zai iya jawo asarar rai. Tambayar da rayuwarsa ta bar mana mai nauyi ce: shin ya dace malami ya kai ɗaliban da aka ba shi amana inda za su iya mutuwa, da sunan koya musu shugabanci?

An haifi Unsoeld a 1926 a jihar Kalifoniya, ya tashi a jihar Oregon, inda ya fara hawan duwatsu tun yana yaro. Karatunsa kansa abin kallo ne. Ya yi digirin farko a fiziks, ya gama a 1951. Daga nan ya juya ya karanci ilimin addinin Kirista, sannan ya yi digirin digirgir a falsafa a Jami'ar Washington, ya kammala a 1959, bincikensa kuma a kan tunanin masanin falsafar Faransa Henri Bergson. Ya fara koyar da falsafa da addini a Jami'ar Jihar Oregon. Lokacin hutu kuwa sai ya zama ɗan jagora, yana raka masu hawan duwatsun Teton. Kun ga tun farko ƙafarsa ɗaya na aji, ɗaya na kan dutse.

A 1960 shi da George Bell suka zama mutanen farko da suka taka ƙololuwar Masherbrum a Pakistan, tsauni mai tsayin mita 7,821. A 1962 ya ajiye alli ya tafi Nepal a matsayin mataimakin shugaban Peace Corps, ƙungiyar matasa 'yan sa-kai da Shugaba Kennedy ya kafa, daga baya ya zama shugabanta a ƙasar. Yana wannan aiki ne ya shiga tawagar Amurka da ta nufi Everest a 1963.

To a nan sunansa ya fita duniya. Ranar 1 ga Mayu, Jim Whittaker da Nawang Gombu sun riga sun kai ƙololuwa ta hanyar da aka sani. Unsoeld da abokinsa Tom Hornbein, wani likita, suka nace sai sun bi ta doron yamma, hanyar da ba wanda ya taɓa bi. Ranar 22 ga Mayu suka haura wani wuri mai tsananin miƙewa, wanda bayan sun wuce shi suka gane komawa ta nan ba za ta yiwu ba. Ko su kai sama su gangara ta ɗaya ɓangaren, ko su mutu. Sun isa ƙololuwa bayan ƙarfe shida na yamma. Wajen gangarowa cikin duhu suka tarar da 'yan tawagarsu biyu, Barry Bishop da Lute Jerstad, sun galabaita. Su huɗu suka kwana a fili, sama da mita 8,500, babu tanti, iskar oksijin ta ƙare. Abin da ya taimake su, daren bai zo da iska ba. Unsoeld ya ɗora ƙafafun Hornbein a cikinsa yana ɗumama masa su. Hornbein ya sauko da yatsunsa cif, shi kuwa Unsoeld sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa tara.

Ku riƙe abu biyu daga wannan dare, don za mu dawo kansu. Na farko, mutum ne da zai ba da jikinsa don abokin tafiya. Na biyu, babbar nasararsa ta samu ne a ranar da ya wuce inda ake iya juyawa, kuma ya tsira.

Da ya koma gida a 1967, sai ya kama aiki da Outward Bound. Bari in ɗan tsaya a nan, domin wannan suna ya shafe mu. Kurt Hahn, wani malami Bajamushe da ya gudu daga mulkin Hitler, shi ya kafa makarantar a 1941 a Wales ta Birtaniya tare da Lawrence Holt, mai kamfanin jiragen ruwa. Damuwarsu a lokacin yaƙi ita ce matasan ma'aikatan jirgi da ke saurin karaya idan an nutsar da jirginsu. Maganin da suka kawo shi ne a jefa matashi cikin wahala ta gaske amma a ƙarƙashin kulawa, har ya gano yana da juriyar da bai san yana da ita ba. Wannan tunani ne Alec Dickson ya ɗauko ya kafa cibiyar horo a 1951 a gaɓar tekun Man O' War, kusa da garin da yanzu ake kira Limbe a Kamaru. Daga can aka samu Man O' War ɗin da muka sani, da makarantar horo ta duwatsun Shere kusa da Jos. Duk wanda ya yi bautar ƙasa ya haura katanga ko ya yi rarrafe ƙarƙashin waya a sansani, to ya ɗanɗani wani abu daga tushen da Unsoeld ya sha.

A 1970 aka kira shi cikin malaman da za su tsara wata sabuwar kwaleji ta gwamnati a birnin Olympia na jihar Washington, mai suna Evergreen, wadda ta buɗe ƙofa a 1971. Makaranta ce da ta bambanta da saura. Ba a ba ɗalibi A ko B, malami ne zai zauna ya rubuta bayanin abin da ɗalibin ya iya da inda ya gaza. Babu sassa irin na jami'o'inmu, malamai daga fannoni daban-daban ne ke haɗuwa su koyar da shiri guda. Irin wannan wuri ya dace da mai digirin fiziks da addini da falsafa. A nan ya haɗa karatun littafi da fita daji, ɗalibai su yi muhawara kan ɗa'a da tsoro da mutuwa, sannan su ɗaura igiya su je inda waɗannan kalmomi ke da ma'ana.

Mene ne ainihin abin da yake koyarwa? Abu biyu. Na farko, a ganinsa haɗari wani ɓangare ne na tarbiyya. Ana yawan ba da labarin yadda iyaye ke tambayarsa ko zai lamunce musu cewa ɗansu zai dawo lafiya, shi kuma ya ce ba zai iya ba, amma in aka killace yaro daga duk wani haɗari to zuciyarsa ce za ta mutu. Na biyu, kuma wannan mutane sun fi mantawa da shi, yana cewa ba a auna amfanin zuwa tsauni a kan tsauni. Ana auna shi ne bayan an sauko: shin mutum ya fi iya zama da jama'a da ɗaukar matsalolinsu? In bai fi ba, tafiyar ta tashi a banza.

Sai jarrabawa ta zo gidansa. A 1949, yana saurayi, ya hango tsaunin Nanda Devi a Indiya, kyansa ya kama shi har ya yi alkawarin in ya haifi 'ya mace sunan zai sa mata. Haka aka yi. A 1976 uba da 'ya suka tafi hawan wannan tsauni mai tsayin mita 7,816, shi yana cikin jagororin tawagar. Wasu uku sun kai ƙololuwa. Ita kuwa Devi ta yi ta fama da ciwon ciki, duk da haka ta haura har sansani na sama. A can ta rasu a watan Satumba, tana da shekara 22, mahaifinta na gefenta. A kan tsaunin aka bar ta. Ɗaya daga cikin 'yan tawagar, John Roskelley, ya rubuta littafi daga baya inda ya bayyana saɓanin da aka yi, har da batun ko ya kamata a bar ta ta ci gaba da hawa. Unsoeld ya koma aji, bai sauya ra'ayinsa game da haɗari ba.

A farkon Maris na 1979, lokacin hunturu, ya jagoranci ɗaliban Evergreen wajen 20 zuwa tsaunin Rainier mai tsayin mita 4,392. Yanayi ya ɓaci, guguwar ƙanƙara ta rufe su, suka juyo. Ranar 4 ga Maris, suna gangarowa ta wata mashiga da ake kira Cadaver Gap, dusar ƙanƙara ta zaftare ta binne waɗanda ke kan igiyar gaba. Unsoeld ya rasu yana da shekara 52, tare da wata ɗaliba budurwa. Sauran ɗaliban su suka tono waɗanda ke da sauran numfashi, suka kai kansu mafaka cikin wannan guguwa. Har yau ana jayayya kan ko ya dace a hau da ɗalibai masu yawa haka a irin wannan yanayi, da kuma hanyar da aka zaɓa wajen saukowa.

To ni ga inda na tsaya. Unsoeld yana da gaskiya cewa ba a koyon shugabanci da karatun allo kaɗai. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Matashin da ba a taɓa ɗora masa nauyin da zai iya faɗuwa da shi ba, duk yawan takardun shaidar da ya tara na halartar taron bita, bai san kansa ba tukuna. Ɗaliban da suka ceci juna a Rainier hujja ce cewa horon ya shiga jikinsu.

Amma akwai bambanci tsakanin haɗarin da mutum ya ɗaukar wa kansa da wanda ya ɗora wa mabiyansa. A Everest, ƙwararru biyu ne suka san abin da suka shiga, suka amince. A Rainier, ɗalibai ne da suka dogara da sunan malaminsu. Wa zai kalli mutumin da ya tsallake Everest ya ce masa malam, mu koma? Kwarjinin jagora yakan rufe bakin mabiya, ko da shi bai nufi haka ba. Kuma wanda ya taɓa wuce iyaka ya tsira, yana iya ɗaukar sa'a a matsayin gwaninta. Ita ɗalibar nan ba ta da Everest a tarihinta, karatu ta zo yi.

Fannin kansa ya yi ta kokawa da wannan batu tun kafin hatsarin. Paul Petzoldt, wanda ya yi aiki da Outward Bound a jihar Kolorado, ya lura cewa ƙwararrun malamai sun yi ƙaranci, shi ya sa ya kafa makarantar NOLS a 1965 don horar da jagorori. A 1977 shi da wasu malaman jami'a suka kafa wata ƙungiya da ta shigar da wannan horo cikin manhajar jami'o'i. Abin da Petzoldt ya fi nanatawa shi ne iya auna yanayi da yanke hukunci. A yau ɗalibin da ke digiri a wannan fanni a Amurka yana koyon taimakon gaggawa a daji, karanta yanayi, tsara tafiya, da sanya lokacin da za a juya ko an kai ko ba a kai ba. In kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza.

Mu da muke tara matasa muna cewa ku biyo mu, a ƙungiya ne ko a gangami ko a aikin gayya, wannan labari ya shafe mu kai tsaye. Kafin ka ja mutane, ka faɗa musu gaskiyar abin da za su iya tararwa. Ka buɗe ƙofar da ƙaramin cikinsu zai ce maka a'a ba tare da an kira shi matsoraci ba. Ka kuma yanke tun a gida cewa in abu kaza ya faru, za a janye. Unsoeld da kansa ya ce a ƙasa ake auna tafiya, to sai an dawo da kowa ƙasan tukuna.

Matarsa Jolene ta rayu bayansa, ta shiga siyasa, ta wakilci wani yanki na jihar Washington a majalisar wakilan Amurka daga 1989 zuwa 1995.

Ina so in ji daga gare ku: da ƙaninku ne ko ƙanwarku, za ku bari su bi malami irin Unsoeld? Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.