Daga Zauren Taron Reshe Zuwa Teburin Gwamnati: Tarihin Yarjejeniyoyin ASUU

Duk lokacin da aka rufe jami'o'in gwamnati a Najeriya, fuska ɗaya jama'a ke gani a talabijin, wato ta shugaban Ƙungiyar Malaman Jami'o'i, ASUU, yana karanta sanarwa a gaban 'yan jarida. Shi ake zagi, shi ake roƙo. Amma mu da muka daɗe a cikin aikin koyarwa, muke kuma halartar tarukan ƙungiyar, mun san mutumin nan ɗan aike ne. Ba shi kaɗai ke kiran yajin aiki ba, ba kuma shi ke janye shi ba. Hukuncin daga ƙasa yake tasowa, daga zaurukan laccar da malamai ke cikawa su ɗaga hannu a ƙirga. Wanda bai san wannan ba, da wuya ya gane abin da ya sa rigimar malamai da gwamnati ta ƙi ci ta ƙi cinyewa sama da shekara 40.

Bari in fara da yadda abin yake gudana. Kowace jami'a reshe ce, kuma kowane reshe yana da babban taronsa da muke kira kongires. Rassan an kasa su shiyya-shiyya, kamar ta Kano da ta Sakkwato da ta Bauci da ta Abuja. A samansu akwai majalisar zartarwa ta ƙasa, inda shugabannin rassa ke zama tare da shugabannin ƙasa. In tattaunawa da gwamnati ta cije, ko kuma gwamnati ta miƙo wani tayi, majalisar nan takan maido da maganar ga rassa. Sai a kira kongires. Kowa ya sa hannu a rajista a bakin ƙofa, a cika zaure, wasu a tsaye a jikin taga. Shugaban reshe ya karanta rahoto tiryan-tiryan, sannan a buɗe fili. A nan za ka ga farfesa mai furfura ya gama magana, ƙaramin malami da bai fi shekara biyu da kama aiki ba ya miƙe ya ce, "Kwamared ciyaman, da girmamawa, ban yarda da abin da Farfesa ya faɗa ba." Ba wanda zai ce masa ya yi rashin kunya, domin a zauren nan ƙuri'arsu ɗaya. In an gama muhawara sai a jera zaɓi: a ƙara wa gwamnati lokaci, ko yajin gargaɗi, ko na sai-baba-ta-gani. A ɗaga hannu, masu ƙirga su bi layi-layi, wani lokaci kuma a rarraba takarda a jefa a akwati. Abin da ya fito shi shugaban reshe zai ɗauka ya kai majalisar ƙasa, ko da ra'ayinsa ya saɓa. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago da aka yi wa gyara a 2005 ta wajabta samun rinjayen 'yan ƙungiya kafin a tafi yajin aiki, amma mu mun riga dokar fara wannan al'ada.

An kafa ASUU a 1978, ta gaji wata tsohuwar ƙungiyar malamai da aka kafa a 1965, lokacin jami'o'in ƙasar nan biyar ne: Ibadan, Nsukka, Legas, Ife da Ahmadu Bello ta Zariya. 'Yan Arewa sun taka muhimmiyar rawa tun farko. Dakta Mahmud Modibbo Tukur, masanin tarihi na Zariya, ya shugabanci ƙungiyar a farkon shekarun 1980, kuma yana cikin waɗanda suka ɗora ta kan aƙidar cewa malami ba albashinsa kaɗai zai nema ba, dole ya yi maganar ɗakin karatu da ɗakin gwaje-gwaje da 'yancin jami'a. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na Janar Babangida ya karya darajar naira daga 1986, albashin malami ya zama abin tausayi, har ana liƙa takarda a jikin mota cewa albashina ba ya kai ni gida. Ƙwararru suka yi ta ficewa zuwa Amurka da Ingila da Saudiyya. Da aka yi yajin aiki a 1988, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar, ta tsare wasu shugabanninta. An ɗage haramcin a 1990.

Shekarar 1992 ce ta canza komai. Attahiru Jega na Jami'ar Bayero ke shugabanci. Aka shiga yajin aiki, aka sake haramta ƙungiyar, aka tsayar da albashi, amma malamai suka ci gaba da taruwa a rassansu ba tare da sunan ASUU ba. Gwamnati ta ga cewa hana suna bai hana mutane haɗa kai ba, ta dawo tebur, aka sa hannu a yarjejeniyar 3 ga Satumba 1992. Da jami'an gwamnati suka ce babu kuɗi, wakilanmu ne suka nuna inda za a samo: a ɗora harajin kashi 2 cikin ɗari a kan ribar kamfanoni don ilimi. A 1993 aka mayar da shawarar doka, aka kafa asusun harajin ilimi, wanda a 2011 ya zama TETFund. Duk wanda ya shiga jami'a ko kwalejin ilimi ko kwalejin fasaha ta gwamnati a yau, daga Gwagwalada har Sakkwato, ya duba manyan gine-gine zai ga tambarin asusun nan a jikinsu. Dubban malamai da shi suka yi digirin digirgir a gida da waje.

Abin da ya biyo baya ya fi ɗaci. A 1996, zamanin Janar Abacha, an yi wata shida ana yajin aiki, aka sake haramta uwar ƙungiyar, aka kori shugabanta Assisi Asobie daga aikinsa a Nsukka. Dawowar mulkin farar hula bai kawo sauƙin da muka zata ba. An ƙulla yarjejeniya a 2001, kuma a shekarar ce aka kori malamai 49 a Jami'ar Ilorin saboda sun shiga yajin aikin ƙasa. Sai a 2009 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin mayar da su, bayan wasunsu sun riga mu gidan gaskiya.

A watan Oktoban 2009, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka sa hannu a yarjejeniyar da sunanta ya fi kowace yawo a bakin jama'a. Gamaliel Onosode ya jagoranci ɓangaren gwamnati. Ta ƙunshi tsarin albashi, alawus na ƙarin aikin koyarwa da duba ɗalibai, kuɗin gyaran jami'o'i, da ɗaga shekarun ritayar farfesa zuwa 70. An kuma rubuta cewa za a riƙa sabunta ta duk bayan shekara uku. A 2012 kwamitin Farfesa Mahmood Yakubu ya zagaya jami'o'i ya kawo rahoto mai tayar da hankali, har da hotunan ɗalibai zaune a ƙasa suna ɗaukar lacca da ɗakunan kimiyya da ake amfani da risho. Kan wannan aka yi yajin aikin 2013, daga 1 ga Yuli zuwa tsakiyar Disamba, lokacin Nasir Isa Fagge na shugabanci. Gwamnatin Jonathan ta yi alkawarin naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida. Biliyan 200 ta farko ta fito, bayanta sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Yajin aikin nan ya ci mana rai mai tsada. Bayan zaman da aka yi da Shugaba Jonathan, an maido da tayinsa ga rassa, suka kaɗa ƙuri'a, aka kira majalisar ƙasa a Kano don a tattara sakamako. A kan hanyar zuwa taron ne, ranar 12 ga Nuwamba 2013, Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ƙungiyar, ya rasu a haɗarin mota kusa da Lakwaja, lokacin da wata mota daga ayarin gwamnan Kogi ta yi karo da motar da yake ciki. Hedikwatar ƙungiyar da ke harabar Jami'ar Abuja sunansa take ɗauke da shi.

Daga nan sai jerin kwamitoci. An naɗa Wale Babalakin a 2017 ya sabunta yarjejeniyar 2009, bai kammala ba. Farfesa Munzali Jibril ya karɓa, ya miƙa daftari a 2021, aka ajiye. Farfesa Nimi Briggs ya sake wani a 2022, aka ajiye. A 2024 aka ɗauko Alhaji Yayale Ahmed. A tsakanin haka an yi yajin wata tara a 2020, wanda rigimar tsarin biyan albashi na IPPIS ta rura, sannan na wata takwas daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022. Wannan na ƙarshe ba da yarjejeniya ya ƙare ba. Ministan ƙwadago Chris Ngige ya kai ƙara kotun ma'aikata, kotu ta ce a koma aji, aka yi wa wasu ƙungiyoyi biyu rajista don su raba kan malamai, aka kuma riƙe albashi da hujjar ba aiki ba biya. A lokacin, albashin farfesan da ya kai ƙololuwa bai kai naira dubu 500 a wata ba, kuma tsari ne da aka yanka tun dala tana wajen naira 150.

In ka dubi tarihin nan gaba ɗaya, abu biyu za ka gani. Na farko, ɓangarorin biyu ba da nauyi ɗaya suke zuwa tebur ba. Wakilin malamai ba ya iya cewa na amince sai ya koma ya tambayi waɗanda suka aiko shi, in kuma suka amince to maganar ta ɗaure kowa. Wakilin gwamnati kuwa yakan zauna wata da watanni ana ciniki, a kai ga matsaya, sannan a ji ma'aikatar kuɗi ko hukumar tsara albashi ta ce ba da ita aka yi ba. In gwamnati ta sauya, sabuwar ta ce ba ita ta sa hannu ba. Na biyu, duk abin da aka mayar doka ya rayu. Asusun harajin ilimi ya haura shekara 30 yana aiki. Ritaya a shekara 70 ta tabbata tun da aka sa wa dokarta hannu a 2012. Abin da aka bari a takardar fahimtar juna kuwa, irin kuɗin gyaran jami'o'i, shi muke ta bi har yau.

Ba zan ɓoye cewa akwai masu biyan kuɗin wannan ja-in-ja ba tare da an tambaye su ba. Ni a Dutsen Alhaji nake zaune, ina bin hanyar Kubwa da Zuba zuwa wurin aiki, kuma maƙwabtana yawancinsu ƙananan ma'aikata ne da 'yan kasuwa waɗanda ba su da halin kai 'ya'yansu jami'ar kuɗi. A 2022 na ga ɗaliban injiniya da na lauya sun kafa lema a bakin kasuwar Dutse suna sana'ar POS, wasu suna jan Keke Napep zuwa Bwari, garin da hedikwatar JAMB take, inda ake ta tara sabbin ɗalibai alhali na ciki ba su fita ba. Wani dattijo da muke sallah tare ya tare ni bayan isha'i ya ce, "Malam, don girman Allah yaushe za ku koma? 'Yar nan tawa ta gaji da zama, kuɗin hayar ɗakinta a makaranta kuma ya ƙone a banza." Na ce, "Alhaji, wallahi ni ma tun da aka fara ban ga albashi ba, kuma nawa yaran suna gida." Ya jinjina kai ya ce, "To ku dai kuna da bakin magana. Mu fa?" Tambayarsa gaskiya ce, kuma ta cancanci a riƙa karanta ta a kowane kongires kafin a ɗaga hannu.

Saboda haka gyara ya hau kanmu mu ma. Sau da yawa zaure ba ya cika sai ranar da za a yi ƙuri'ar yajin aiki, kuma masu ƙorafi a ofis su ne ba sa zuwa. Ɗaga hannu a bainar jama'a yana sa mai ra'ayin sassauci ya ji nauyin abokansa, don haka ya kamata ƙuri'ar sirri ta zama ƙa'ida a duk hukunci mai girma, a kuma bayyana yawan waɗanda suka halarta. A Ingila an yi doka a 2016 cewa sai aƙalla rabin 'yan ƙungiya sun kaɗa ƙuri'a kafin yajin aiki ya halatta. A jami'o'in gwamnati na Amurka masu ƙungiya, cikakken daftarin yarjejeniya ake raba wa kowa ya karanta sannan ya zaɓa. Mu ma muna iya raba daftari kafin ranar taro, maimakon a karanta mana taƙaitawa a zaure. Haka nan malaman jami'o'in jihohi, waɗanda gwamna ke biya ba Abuja ba, suna bukatar a tsaya musu har yarjejeniyar ta isa jihohinsu.

Kiran da zan yi ga gwamnati shi ne ta riƙa turo wakilai masu wuƙa da nama, ministan kuɗi da ofishin kasafi su zauna a tebur tun ranar farko, kuma duk abin da aka sa wa hannu a kai shi Majalisar Tarayya ya shiga kasafi ko ya zama doka a shekarar. Iyaye su riƙa tambayar 'yan majalisarsu abin da aka ware wa jami'o'i tun ana muhawarar kasafi, kada su jira sai an rufe makaranta. 'Yan uwana malamai kuma, musamman matasa, ku halarci kongires ko da ba a maganar yajin aiki, ku karanta abin da za a ɗaure ku da shi, ku tuna da 'ya'yan maƙwabtanku kafin ku kaɗa ƙuri'a. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a wannan gwagwarmaya, Ya ba shugabanninmu ikon cika alkawari.