Littafin Gyare-gyare a Rumbun Bayanai da Abin da Ake Cirewa Daga Cikinsa

Tun kafin zuwan kwamfuta, akawu yana da ƙa'idar da ba ya ƙetarewa: idan ya yi kuskure a littafin kuɗi, ba ya kankarewa. Layi guda yake ja a kan kuskuren, ya rubuta daidai a gefe, ya sa hannu. Wannan ɗabi'a ta girma tare da lissafin fataken Italiya, wanda Luca Pacioli ya bayyana cikin littafinsa da aka buga a birnin Banis a 1494. Manufarta ita ce odita ya ga abin da ke rubuce da fari, da abin da ya maye gurbinsa, da hannun da ya yi gyaran.

Kwamfuta ta zo ta rushe wannan. A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa tsarin ajiye bayanai cikin jadawali, layi-layi da gurbi-gurbi. A wannan tsari sabon adadi yana hawa kan tsohon ne, tsohon ya ɓace ba ko tabo. Bayan kamfanin Enron na Amurka ya durƙushe a 2001, aka kuma gano cewa ma'aikatan Arthur Andersen, masu binciken kuɗinsa, sun yayyage takardu, sai majalisar dokokin ƙasar ta kafa dokar Sarbanes-Oxley a 2002. Daga nan ajiye sawun gyara ya zama nauyi a wuyan manyan kamfanoni.

A shekarar 2001 ɗin dai Gavin King ya fara manhajar Hibernate, wadda ke kai bayanai daga shirye-shiryen harshen Java zuwa rumbu. Adam Warski ya gina mata wani reshe mai suna Envers, aka shigar da shi cikinta a 2010. Kowane jadawali da aka yi wa alamar @Audited, sai Envers ya buɗe masa abokin tagwaitaka inda ake zuba kwafin layi duk sa'ad da aka ƙara, ko aka gyara, ko aka goge, tare da lambar gyaran da lokacinsa. Wato layin akawun nan ne ya dawo.

Sai dai tare da wannan alama akwai kishiyarta, @NotAudited, wadda ke tsame gurbi guda daga bincike. Dalilanta ba na banza ba ne. Gurbin da ke riƙe lokacin da mutum ya shiga manhaja na ƙarshe yana sauyawa kullum, kuma zai cika rumbu da tarkace. Hoto yana cin wuri. Kalmar sirri kuwa, tara tsofaffinta taimaka wa ɓarawo ne. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki ran 25 ga Mayu 2018, ta ƙara wani dalili, domin ta bai wa mutum ikon neman a goge bayanansa, alhali littafin gyare-gyare an gina shi ne don kada ya manta.

Amma fa wurin da aka tsame, nan ne makantar odita. A ɗauki misalin jadawalin albashi inda aka cire gurbin lambar asusun banki. Wani zai iya sauya lambar ana gobe biyan albashi, kuɗi su tafi wani asusu, ya mayar da ta asali bayan kwana biyu. Envers ba zai rubuta kome ba, gama a ganinsa ba abin da ya motsa. Abin takaici shi ne, wannan hukunci mai nauyi sau da yawa mai rubuta manhaja ne ke yanke shi shi kaɗai, da layi guda, ba tare da an tuntuɓi akanta ko odita ba. Ko an farga daga baya an cire alamar, rubutun zai fara ne daga ranar da aka cire ta; gyare-gyaren shekarun da suka gabata ba wanda zai same su a wannan littafi.