Kaso da Gidan Yari

In anka kama ɓarawon tumaki a Madawa, jandarma za su yi gaba da shi, ƙarshenta kaso. In a Ilela ne, bayan iyaka, sai ƴan sanda da gidan yari. Ku duba kalmomin nan da kyau, ƴan uwa. Kaso daga Faransanci ta fito, Yari kuwa sarautar mai tsaron kurkukun sarki ce tun kafin zuwan Nasara.

Da Turawan Ingila sunka ci Sakkwato a 1903, sun bar alƙalai suna hukunci da fiƙihun Malikiyya, sai dai sunka hana yanke hannu. A 1960 Arewacin Najeriya ya fara aiki da kundin laifuka da anka kwaikwayo daga na Sudan da Indiya, daga 2000 kuma Zamfara da wasu jihohi sunka maido da haddi.

Nan wajenmu, kumandan Bafaranshe kan ɗaure talaka ba shari'a, har anka soke wannan doka a 1946. Kundinmu na 1961 jikan na Napoleon ne na 1810. Shi ya sa a manyan laifuka alƙali mai bincike ke tono hujja da kanshi, alhali a babbar kotun can lauyoyi ke fafatawa, alƙali na saurare. Sarakunan Keita da Buza sulhu ne nasu, na gona ko na aure, kisan kai ya fi ƙarfinsu.

Abin da ke ci mini rai shi ne harshe. Gaban alƙalin Sakkwato mutum na kare kanshi da Hausa. Manomin Buza kuwa da Faransanci ake yanke mishi shekaru, sai abin da tafinta ya ce.