Razdan: Mazaunin da Bai Zauna Ba

Har gobe in dattawanmu na Jere suna hirar zamanin Turawa sai ka ji "Razdan ya ce", "Di'o ya zo rangadi". Yara da yawa sun ɗauka Razdan sarauta ce irin su Madaki da Galadima. Ko kusa. Turanci ne harshen Bahaushe ya lanƙwasa, wato Resident, kuma ma'anarta "mazauni". Su ma Turawan Ingila aro suka yi, tushenta na Latin ne, daga sedere, wato "zauna".

Tun a Indiya suke kiran wakilin da suka ajiye a fadar sarki da wannan suna: shi ba sarki ba, yana dai zaune a gefe yana "ba da shawara". Lugga, wanda ya yi aikin soja a can, ya shimfiɗa tsarin a Arewa daga 1900, kowane lardi da Razdansa. Shawarar kuwa mun san irinta. A nan kusa da mu, a Keffi, Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, Razdan na lardin Nasarawa, a 1902, ya tsere Kano.

Balarabe kuma ta tsayuwa ya ɗauko tasa. Muƙimi da iƙama tushensu ɗaya. Iƙamar da ladan ke tayarwa da takardar zama da 'yan'uwanmu ke nema a Saudiyya, wadda suke cewa igama, kalma ɗaya ce. A fiƙihun Malikiyya, matafiyin da ya yi niyyar kwana huɗu a gari ya zama muƙimi, sai ya cika sallarsa. Kwana huɗu kacal!

Abin da ke ba ni mamaki, wanda aka laƙaba wa "mazauni" shi ne bai zauna ba. Bini-bini ya tafi hutu Ingila, ya dawo an canza masa lardi. Amma wanda kakansa ya sauka Kafanchan da layin dogo ya iso a 1927, aka haifi ubansa a nan, aka binne kakan a nan, in ya je cika takardar neman aiki ko makaranta sai ya tarar da gurbi biyu: inda kake zaune daban, asalinka daban. Na farko ya cika shi ba gardama. Na biyun ne ke kawo matasa wurina neman wasiƙar ƙungiya, wasunsu ba su taɓa taka garin da ake cewa nasu ne ba.