Yadda Kabon Ya Ratsa Katanga

Duk wanda ya yi aiki a majemun Challawa da Sharada, ko a masana'antun Bompai, ya san cewa zafi yana gaggauta aikin sinadarai, sanyi kuma yana dakushe shi. A 1889 Svante Arrhenius, ɗan ƙasar Suwidin, ya mayar da wannan sani lissafi: kafin wani sinadari ya rikiɗe, sai ƙwayoyinsa sun sami ƙarfin haura wata katanga, zafi ne kuwa ke ba su ƙarfin.

A 1927 Friedrich Hund na Jamus ya nuna cewa ƙwayar zarra, da yake tana da ɗabi'ar igiyar ruwa, tana iya ɓullowa a bayan katangar ba tare da ta haura ba. A 1928 George Gamow ya yi amfani da wannan wajen bayyana ruɓewar ƙwayoyi irin na yuraniyom. Masana sinadarai sun karɓi batun, amma galibinsu sun taƙaita shi ga haidurojin, mafi sauƙin ƙwayoyi. Kabon, ƙashin bayan sinadaran rai, ya ninka haidurojin nauyi sau 12, sai aka ɗauka ya yi nauyi da yawa.

Barry Carpenter ya ƙalubalanci wannan zato a 1983, inda ya lissafa cewa kabon yana ratsawa a cikin cyclobutadiene. Hujjarsa ita ce kaurin katanga: in siririya ce, wato tazarar da ƙwayar za ta motsa kaɗan ce ƙwarai, nauyi ba ya hana wucewa.

Shaida mai ƙarfi ta zo a 2003 a mujallar Science. Peter Zuev da Robert Sheridan da Weston Borden da abokan aikinsu sun daskarar da wani sinadari a digiri 265 ƙasa da sifili, inda lissafin Arrhenius ya ce babu abin da zai motsa. Zoben sinadarin mai kabon huɗu ya buɗe ya koma mai biyar, kuma lissafinsu ya nuna cewa ratsawa ta ninka haurawa sau adadin da ake rubutawa da 1 da sifili 152.

Tukunyar Bompai tana nan kan ƙa'idar Arrhenius, domin a zafinta haurawa ce ke rinjaye. Amma mai hasashen abin da haɗi zai haifar, musamman cikin tsananin sanyi irin na gajimaren sararin samaniya, dole ya auna kaurin katanga tare da tsayinta, in ba haka ba lissafinsa zai kuskure.